Peugeot 504 haɗin Kakuri: yaya ake gane injinta, kuma me ke sa ruwa shiga cikin mai?

Abban Khalifa, Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata 504 salun da aka yi min tayi, ina son ta don zirga-zirgar iyali tsakanin Kaduna da Zariya. Mai ita ya ce haɗin Kakuri ce, kuma injinta mai lita biyu ne. Jikinta da kyau, inji na tashi bugu ɗaya, sai dai a murfin baƙin mai akwai wani farin kumfa, kuma ruwan lagireto yana raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba.

Tambayata kashi uku ce. Daga yaushe zuwa yaushe aka haɗa 504 a nan Kaduna? Inji iri nawa aka sa mata, kuma ta yaya mutum zai tabbatar da wanda ke gabansa? Sannan wannan kumfa, abin gudu ne ko abin gyara? Masana a taimaka, Allah Ya saka da alheri.

Dattijon Kakuri

Wa alaikumus salam, Abban Khalifa. Bari in ɗauki biyun farko, in bar wa masu sifana ta ukun.

An fito da 504 a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A nan gida an yi wa kamfanin PAN, wato Peugeot Automobile Nigeria, rajista a ƙarshen 1972, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin tarayya da Peugeot, masana'antar Kakuri kuma ta fara fitar da mota a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Da 404 da 504 aka soma. A shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso kayan haɗin daga Liyon zuwa filin jirgin Kano, daga can a ɗoro su a manyan motoci zuwa Kaduna. A wancan zango ne kuma aka kafa Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, Steyr a Bauci, da kamfanin manyan motoci na Fiat a Kano. Abin da ya ɗaga Peugeot sama da su shi ne gwamnati ta mayar da ita motar aiki, musamman zamanin mulkin soja na Obasanjo, tun daga manyan jami'ai har ma'aikacin da ya karɓi rancen mota.

Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, amma Kakuri ta ci gaba har wajen 2006. Wannan yana da muhimmanci gare ka: 504 ta 1978 da 504 ta 2002 duk haɗin Kaduna ne, alhali tsakaninsu akwai shekara ashirin da huɗu da bambancin kafireto, giyabos da kayan wuta. Don haka "haɗin Kakuri" kaɗai bai gaya maka komai ba sai ka san shekarar. Na ƙarshe-ƙarshen su ne ake kira Bestline. Abin da ya karya kasuwar kuwa sananne ne: faɗuwar naira bayan SAP, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ta sa sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai motocin Kwatano suka cike gurbin. An sayar da mafi yawan hannun jarin kamfanin ga 'yan kasuwa a 2006, AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan da suka maƙale a bankuna, ta karɓe shi a 2012 saboda bashi.

Yanzu inji. Masu fetur ɗin da ake samu a nan duk 'yan gida ɗaya ne, zuriyar injin 404:

XC, cc 1618. Faɗin silinda milimita 84, tafiyar fistin 73. Wannan na 404 ne, amma ana samunsa a wasu a-kori-kura 504.

XM, cc 1796, wanda daga baya ya zama XM7. Faɗi 84, tafiya 81. Ƙarfinsa kusan doki 80. Kafiretonsa mai maƙogwaro ɗaya ne, Solex 34.

XN1, cc 1971, shi ne mai lita biyu, ya shigo a 1970. Faɗi 88, tafiya 81. Doki 93 zuwa 96, da kafireto mai maƙogwaro biyu, Solex 32-35 ko Zenith 35-40. Akwai samfurinsa da aka rage wa matsi don ƙasashen da feturinsu ba shi da ƙarfi, shi bai kai wannan adadin ba.

Akwai kuma XN2 mai famfon feshin mai na Kugelfischer, da masu gas na Indenor irin su XD2 mai cc 2304, da V6 mai cc 2664 da aka sa wa masu ƙofa biyu a Turai. Waɗannan ba su ne ke kan titunanmu ba, kada su ɗauke maka hankali.

Ginin XC, XM da XN1 duka ɗaya ne: bulok na zubin ƙarfe, tof (kan inji da ke rufe silinda) na alminiyom, injin a kishingiɗe zuwa dama da digiri 45 don bonet ya yi ƙasa, kamshaf a cikin bulok yana tura bawul da sanduna, sarƙa ce ke juya shi ba bel ba. Karanshaf yana zaune kan mazauni biyar. Fulogi suna can ƙasan wasu bututu a tsakiyar murfin tafet.

Yadda za ka gane wanda ke gabanka: fara da farantin kamfani da ke cikin ɗakin inji da lambar da aka buga a jikin bulok, ka gwada su da takardun mota. Kafireto yana ba da haske, amma ba hujja ba ne, don mota mai shekara talatin da wuya ka same ta da kafireton da ta fito da shi. Masu haya da yawa sun cire mai maƙogwaro biyu sun sa mai ɗaya don rage shan mai. Hujjar da ba ta ƙarya ita ce awon faɗin silinda idan an ɗaga tof: 84 ko 88. Tunda ga alama sai an ɗaga tof ɗin wannan motar, amsar za ta zo da kanta.

Bakaniken Panteka

Baba ya gama magana a kan tarihi. Malam Abba, ga batun kumfa.

Da farko kada ka yanke hukunci da murfi kaɗai. Motar da ba ta dogon tafiya, musamman da sanyin hunturu, tana tara gumi a murfin mai ko da injinta lafiya lau. Zaro sandar awon mai ka duba. Idan man baƙi ne ko ruwan zuma, da sauƙi. Idan ya koma kamar shayi mai madara, ko ya haura alamar sama ba tare da an ƙara ba, to ruwa ya shiga. Tunda ka ce lagireto na shanye ruwa ba a ganin ɗigo, ni na fi karkata ga cewa ya shiga.

Abin da ya kamata ka fahimta game da wannan inji shi ne silindarsa ba a jikin bulok aka huda ta ba. Silib ne guda huɗu da ake zurawa a zare, ruwan sanyaya inji kuma yana zagaye su kai tsaye. Kowane silib yana zaune kan wani siririn sil a gindinsa, tof kuma yana danne shi daga sama. Saboda haka ruwa na da ƙofa uku zuwa cikin mai: gasket ɗin tof ya ƙone, ko sil ɗin gindin silib ya saki, ko tof ɗin kansa ya tsage ko ruwa ya cinye shi.

Ga yadda ake rarrabewa kafin a kwance komai. Inji na sanyi, cire murfin lagireto, cika ruwa, tayar da mota. Idan kumfar iska na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko tiyon sama ya yi tauri tun inji bai ɗumama ba, iskar silinda ce ke shiga ruwa, wato gasket ko tof. Cire fulogi huɗun ka jera su. Wanda ya fita fes kamar sabo alhali sauran na da toka, silindarsa ce ke shan ruwa. Auna matsi a kowace silinda. Idan biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. In kuwa matsi daidai yake, babu kumfar iska, fulogi duk kala ɗaya, amma mai na haɗewa da ruwa, to ka zargi gindin silib. Tabbatarwa: sauke kaskon mai, cika lagireto, a matsa masa iska da famfon gwaji, a haska tocila daga ƙasa. Za ka ga ɗigon yana gangarowa daga gindin silib ɗin da ya saki.

Yanzu inda ake ɓata wannan inji, kuma yawancin 504 da ke haɗa ruwa da mai a nan aka ɓata su. Yaro ya kwance kusoshin tof goma, ya sa hannu ya fizge shi sama. Gasket ya manne da bakin silib, sai silib ya biyo shi ko da da kaurin gashi ne. Tsatsa da laka su faɗa ƙarƙashinsa, sil ya yage. Ko kuma an ɗaga tof lafiya, sai wani ya juya karanshaf don ya goge kan fistin, fistin ya turo silib sama. A mayar da sabon gasket, mota ta yi sati biyu, ruwa ya dawo cikin mai, a ce gasket ɗin jabu ne.

Yadda ake yi: bari inji ya huce sarai, a zubar da ruwan lagireto da na bulok. A sassauta kusoshi daga gefe zuwa tsakiya. A cire sandar roka, a jera sandunan tura bawul takwas a kwali bisa tsarinsu don kowace ta koma raminta. A girgiza tof ta gefe har ya rabu da gasket, sannan a ɗaga. Nan take, kafin a taɓa komai, a danne silib da manyan wasa da guntun bututu a ɗaure da tsofaffin kusoshi. Sai an yi haka ake juya inji.

Daga nan sai awo. Bakin silib dole ya ɗan fi fuskar bulok tsawo, kimanin kashi ɗaya bisa goma na milimita, kuma huɗun su zama kusan daidai da juna. Wannan ɗan tsawon ne ke sa tof ya matse gasket a bakin silinda ya kuma danne sil ɗin ƙasa. Idan ya nutse, gasket zai ƙone ko wane iri ka saya. Idan ya yi yawa, ruwa zai tsiyaya ta gefen bulok. Shi ya sa sil ɗin gindin yake zuwa da kauri daban-daban. Ana goge mazaunin tas, a zura silib, a auna da miƙaƙƙen ƙarfe da fila geji ta kusurwa huɗu, sannan a zaɓi kaurin da ya dace. Wanda ya ce maka zai shafa gam ya wuce wurin, ka ɗauke motarka.

Tof kuma a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe tsaye da kwance da kusurwa. Lanƙwasar da ta wuce 0.05 na milimita sai an kai shi an share. Amma a duba ko an taɓa share shi, don tof da aka ci da yawa yana ƙara matsi, mota ta riƙa ƙarar fistin a hawa. A duba bakin ramukan ruwa: ruwan rijiya da na burtsatse yana cin alminiyom har ramin ya kusanto bakin silinda. Irin wannan sai ciko ko canji.

Alherin wannan gini shi ne ba ka buƙatar kai bulok wurin masu huda. Silib, fistin, fin da ringi suna zuwa saiti guda, an riga an daidaita su, kada a cakuɗa na wannan da na wancan. Kibiyar da ke kan fistin tana kallon gaba, wajen sarƙa. Kada a sayi saitin sai an auna faɗin, 84 ko 88. Tunda ruwa ya gauraya da mai, a buɗe metal, wato mazaunan da karanshaf ke juyawa a kansu, a duba. Ruwa yana cin su, kuma ba a jin ƙararsu sai sun gama lalacewa. A ɗaure tof da sifana mai awon ƙarfi, daga tsakiya zuwa gefe, ba da bututu a kan sifana ba. Bayan kilomita 1000 a dawo, inji na sanyi, a sake ɗaure shi a sake saita tafet. Wannan dawowar ce mutane ke tsallakewa.

A taƙaice abin gyara ne, amma ka cire kuɗin saitin silib, gasket, metal da aikin tof daga farashin kafin ku shirya.

Abban Khalifa, Tudun Wada

Na gode ƙwarai Baba, na gode Oga. An zaro sandar, man ya yi fari-fari. Wani abu kuma: fankar tana juyawa koyaushe tun daga tayarwa, kuma mai motar ya ce an cire tamostat tuntuni don ƙasarmu da zafi. Haka ya dace a bar ta?

Rewaya Mai Gemu

Alhaji, a nan ni da yawancin 'yan garejinmu ba mu jitu ba.

Fankar 504 ta asali ba ta juyawa da ƙarfin inji koyaushe. A jikin fulin famfon ruwa akwai maganaɗisun lantarki, wani ɗan gawayi ne ke kai masa wuta, sannan akwai makunnin zafi a jikin lagireto. Ruwa ya yi zafi, makunni ya haɗa, maganaɗisu ya cafke fanka. Ya huce, ya sake ta. Abu uku ke kashe tsarin: gawayin ya cinye, makunnin ya mutu, ko tazarar da ke tsakanin fanka da maganaɗisu ta buɗe. Tazarar kimanin 0.3 zuwa 0.4 na milimita ce, da ƙananan kusoshi uku ake saita ta. Gwajin minti ɗaya ne: kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, haɗa wayoyi biyun makunnin da juna. Idan ka ji ƙas, fanka ta kame, to makunnin ne ya mutu. Idan shiru, duba fis da gawayi. Waɗancan kusoshi ukun, in aka ɗaure su gaba ɗaya, fanka ta zama dairek. Dabarar fita daga daji ce, mu kuma muka mayar da ita gyara.

Fanka dairek ba ta kashe inji; ƙara ce da ɗan ƙarin shan mai da wahalar da famfon ruwa da fambel. Wanda ke yawan tsayuwa a cunkoson Kawo ko Kasuwar Bacci da zafin watan Afrilu, in ya bar ta haka ban ga laifinsa ba. Cire tamostat ne ban yarda da shi ba. Inji da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai, fetur yana wanke bangon silib, ringi na saurin ci, gumi na taruwa a cikin baƙin mai. Kuma cire shi ba ya maganin zafi. Idan 504 na tafasa, lagireto ne ya toshe da laka, ko fuka-fukan famfon ruwa sun cinye, ko murfin lagireto ba ya riƙe matsi, ko wuta ta yi latti. A wanke lagireto, a mayar da tamostat, a zuba ruwan kulan mai hana tsatsa. Tsarin yana ɗaukar kusan lita takwas.

Tunda za a buɗe inji, ga lambobin saiti. Tafet, inji na sanyi: bawul ɗin shiga 0.10, na fita 0.25 na milimita. Hanya mafi sauƙi: juya inji har bawul ɗin fita na silinda 1 ya buɗe gaba ɗaya, saita shiga na 3 da fita na 4. Fita na 3 a buɗe, saita shiga na 4 da fita na 2. Fita na 4 a buɗe, shiga na 2 da fita na 1. Fita na 2 a buɗe, shiga na 1 da fita na 3. Faransawa daga wajen kuloci suke fara ƙirga silinda, amma wannan tsarin yana fita daidai ko ta wane gefe ka ƙirga. Masu matse na fita don inji ya yi shiru su ne ke ƙona bawul. Ɗan ƙas-ƙas ɗin tafet a wannan inji lafiya ce.

Tsarin wuta 1-3-4-2. Tazarar kwantak 0.40, ta fulogi 0.6. Kullum a fara saita kwantak kafin tamin, domin taɓa kwantak yana motsa tamin. Idan kwantak na ƙonewa da wuri, kwandansa ne ko kwayil da bai dace ba. A kama sandar distiribito a girgiza. In tana wasa, babu saitin da zai zauna. A kuma leƙa bututun fulogi: robobin murfin tafet in sun bushe, mai yana cika ramin, wuta ta riƙa tsalle, a yi ta zargin kafireto. Ƙarar sarƙa ta 'yan daƙiƙu da safe daga abin ɗame ta ne, da matsin mai yake aiki. In ƙarar ba ta ɗaukewa bayan mai ya hau, a canza sarƙar da shi tare. Baƙin mai lita huɗu, 20W-50, a canza duk kilomita 5000 tare da filta.

Dattijon Kakuri

Malam Rewaya ya yi daidai a kan tamostat. Ƙari ɗaya, Abban Khalifa, tunda duk mun taru a kan inji: ka sa a ɗaga motar ka shiga ƙarƙashinta kafin ka biya.

Tsarin tayoyin baya na 504 iri biyu ne a salun. Akwai mai ƙafafu masu zaman kansu, inda difaransha ke ɗaure a jikin mota, shaf biyu na fita zuwa tayoyi. Ta fi daɗin zama, amma a duba robobin shaf da robobin da ke riƙe da gadar baya. Akwai kuma mai aksul guda a kan sifirin naɗi, da birkin ganga a baya. Ta fi jure kaya da ramuka, gyaranta ya fi araha. Wagon, wadda ta fito a 1971 kuma ta fi salun tsawo tsakanin tayoyi, mita 2.90 maimakon 2.74, aksul guda gare ta da sifirin biyu a kowane gefe.

Farfela a cikin bututu take tun daga giyabos har difaransha, ba ka ganinta. Tana da mazauni a tsakiya da ke son giris, kuma an fi manta shi. Gurnani daga ƙarƙashin kujera da ke ƙaruwa da gudu sau da yawa daga nan yake. Giyabos BA7 mai giya huɗu baƙin man inji yake sha, lita ɗaya da ɗan ɗori, ba man giya mai kauri ba. In aka zuba mai kauri, giya ta biyu takan yi gardama da safe. Difaransha ce ke shan man giya lamba 90. Kuloci na mai ne, don haka in feda ta yi laushi a fara duba masta na sama da na ƙasa kafin a ce a sauke giya.

Sai tsatsa. Ɗaga tabarmar ƙafa ta gaba, don robar gilashi in ta tsufa ruwan damina a nan yake kwanciya. Duba kasan but, ƙarƙashin ƙofofi, da saman mazaunin shokozoba na gaba. Waldar da aka lulluɓe da baƙin fenti a ƙafar shasi alama ce ta haɗari ko ta shekarun lodi a tasha. In ka ga wannan, ko injin lita biyu ne ka bar ta.